Jidda: Yadda aka tsara birnin da ya zauna a kan hanyar ruwa

Birnin Jidda da ke gaɓar Bahar Maliya a yammacin Saudiyya shi ne na biyu a girma a ƙasar bayan Riyadh, kuma ta nan ne akasarin alhazan duniya ke shiga ƙasa mai tsarki. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa mazaunansa sun kai kimanin miliyan 3 da dubu 700.

Ruwan saman da ke sauka a birnin a tsawon shekara guda bai cika wuce milimita 60 ba, abin da Kano kan iya samu a yini ɗaya na watan Agusta idan hadari ya haɗu sosai. Duk da haka, tun daga 2009 babu abin da ya tilasta wa mahukunta sake duba tsarin Jidda kamar ambaliyar ruwa. Dalilin kuwa yana cikin shawarwarin da aka yanke tun shekaru sittin da suka wuce game da inda za a bari a yi gini, da wanda za a bari ya yi shi.

Cikin ganuwa

Tarihi ya nuna cewa Halifa Usman bin Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, wato wajen 647 Miladiyya, a maimakon Shu'aiba da ke kudu. A farkon ƙarni na 16 sarakunan Mamluk na Masar suka kewaye garin da ganuwa saboda tsoron farmakin jiragen yaƙin Portugal, waɗanda kuwa suka iso gaɓar a 1517 suka koma ba su ci garin ba.

Fiye da shekaru 400 Jidda ta zauna cikin wannan ganuwa, a fili da bai wuce a zagaye shi da ƙafa cikin sa'a guda ba. Attajiran garin sun gina benaye masu hawa huɗu ko biyar da duwatsun murjani da ake haƙowa daga teku, da tagogin katako masu ɓula-ɓula da ke shigo da iska su kuma tsare mutuncin iyali. Lunguna sun kasance matsattsu domin inuwa. Babbar matsalar garin a lokacin ita ce ruwan sha. A 1907 Turkawan Daular Usmaniyya suka kafa injin tace ruwan teku wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Kindasa, sannan a 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fadima.

A wannan shekara ta 1947 ce aka rushe ganuwar. Mazauna garin a lokacin ba su kai dubu 50 ba.

Tun kafin rushewar akwai waɗanda ke zaune a wajen ganuwa, cikin bukkokin kara da zana. Daga cikinsu akwai mutanen Afirka ta Yamma da suka taka a ƙasa ta Chadi da Sudan, suka ƙetare teku daga Suwakin, suka sauke farali, guzuri ya ƙare ko kuma zaman ya yi musu daɗi. Larabawan Hijaz na kiransu Takarir, kalmar da Hausawa suka mayar Takari. Jikokin wasunsu sun zama 'yan ƙasa, kuma sunayen iyali irin su Hausawi da Barnawi da Fallata sanannu ne a Hijaz har yau. Wasu kuwa an haife su a can, an haifi iyayensu a can, amma ba su taɓa samun takardar zama ɗan ƙasa ba.

Kuɗin mai da taswira

Bayan rushe ganuwa birnin ya bazu cikin sauri fiye da yadda hukuma za ta iya binsa da awo. An yi taswirar farko ta tsarin birni a farkon shekarun 1960, sannan a 1973 wani kamfanin Birtaniya mai suna Robert Matthew, Johnson-Marshall ya miƙa babban tsari wanda ya karkata ci gaban birnin zuwa arewa, ya bi gaɓar teku. Wannan ya zo daidai da hauhawar farashin man fetur, da kuma zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, injiniyan gine-gine da ya riƙe birnin daga 1972 zuwa 1986. A zamaninsa aka shimfiɗa doguwar hanyar shaƙatawa ta bakin teku, aka ƙawata shataletale da sassaƙe-sassaƙe, ciki har da na fitattun masu fasaha na Turai. A 1981 aka buɗe filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a arewacin birnin, tare da zangon alhazai mai rufin tantuna da duk wanda ya je Hajji ta Jidda ya sani.

Gwamnati ta riƙa raba wa 'yan ƙasa fulotai kyauta, kuma asusun raya gidaje da aka kafa a 1974 ya riƙa ba su bashin gini ba tare da ruwa ba. Wannan ya taimaki dubban iyalai, to amma ya haifar da wata illa. Manyan filaye a tsakiyar birni da arewacinsa sun faɗa hannun masu hali, suka kewaye su suka bar su babu gini suna jiran farashi ya tashi. Sai a 2015 gwamnati ta amince da harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan irin waɗannan filaye.

Talaka da baƙon da ba shi da ikon mallakar fili suka nufi kudu da gabas. A fikihun Musulunci akwai hukuncin cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa yana da haƙƙi a kanta, kuma mutane da yawa sun dogara da wannan suka kafa gida a filin da babu mai shi. Gwamnati ta taƙaita karɓar irin wannan da'awa tun ƙarshen shekarun 1960, sai dai ginin bai tsaya ba. Ana yinsa da dare ko lokacin hutu, daga baya a nemi wuta da ruwa. Ya zuwa ƙarshen shekarun 2000 hukumar birnin da kanta ta lissafa unguwanni fiye da 50 da aka gina ba bisa tsari ba, masu ɗauke da mutane kimanin miliyan ɗaya.

Inda ƙoramu ke bi

Domin fahimtar abin da ya biyo baya sai an dubi yanayin ƙasar. Jidda tana kan wani siririn fili ne tsakanin teku a yamma da duwatsun Hijaz a gabas. Daga duwatsun akwai busassun ƙoramu da dama, waɗanda Larabawa ke kira wadi, da suka gangaro yamma zuwa teku. Ƙorama irin wannan kan yi shekara goma ba ta ga ruwa ba, har mai kallo ya ɗauka fili ne shimfiɗaɗɗe mai sauƙin gini. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu kuwa, da yake dutse ba ya shan ruwa, gaba ɗaya sai ya taru ya biyo tsohuwar hanyarsa da laka da duwatsu.

Birnin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ƙoramun kuma daga gabas zuwa yamma suke gudu. Kowane babban titi da aka shimfiɗa a tsawon birnin ya gitta musu ke nan. Babban titin Haramaini da ya bi ta gabashin birnin ya zama tamkar shinge, kuma a bayansa, a bakin ƙoramu irin su Wadi Ƙaus, unguwanni kamar Ƙuwaiza suka tsiro. Ba duka ne na 'yan kama-wuri-zauna ba. Wasu fulotan da ke tsakiyar hanyar ruwa an auna su, an sa musu hannu a ofis, an sayar da su da takardu cikakku.

Akwai manyan lambatu da aka haƙa don kai ruwa teku, amma birnin ya girme su, wasu kuma shara da gine-gine sun toshe bakinsu.

Ƙazantar birni ma ta kasance wata matsalar. Shekaru da dama yawancin gidajen Jidda ba a haɗa su da bututun kwashe ƙazanta ba, kowane gida da ramin masansa. Ɗaruruwan tankoki ke zuƙe ramukan kullum su kai wani kwari a gabashin birnin su juye, har wurin ya zama tafki. Mutanen Jidda, da ba'a, suka raɗa masa suna Tafkin Miski. Abin da ya tsiyaye daga ramukan gidaje kuma ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya riƙa cin harsashin gine-gine yana kwanciya a lunguna, kuma tun 1994 zazzaɓin denge da sauro ke yaɗawa ya samu gindin zama a birnin.

Ranar Tarwiyya ta 1430

Ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009 ta zo daidai da 8 ga Zulhajji, ranar da alhazai ke fita Mina. Da safiyar ranar aka yi ruwan da ya kai tsakanin milimita 70 zuwa 90 cikin 'yan sa'o'i, wato fiye da na shekara guda. Ruwan ya gangaro daga duwatsu ya afka wa Ƙuwaiza da unguwannin da ke kan tsohuwar hanyar Makka, ya tara motoci a kan juna a titin Haramaini, ya shiga harabar Jami'ar Sarki Abdul'aziz da asibitinta. Mutane da yawa sun mutu ne a cikin motocinsu. Alƙaluman hukuma sun ce fiye da mutum 120 ne suka rasu, dubban gidaje da motoci suka lalace. An rufe babbar hanyar Jidda zuwa Makka, lamarin da ya tsayar da wasu maniyyata a hanya.

Kwanaki bayan haka birnin ya zauna cikin fargabar cewa shingen Tafkin Miski zai ɓalle ya kwararo kan jama'a. Bai ɓalle ba, kuma a 2010 aka ƙafar da tafkin baki ɗaya.

Abin da ya bambanta wannan masifa da waɗanda suka gabace ta shi ne yadda jama'a suka yi magana. Hotunan da aka ɗauka da wayoyin hannu sun bazu a YouTube, dubban mutane suka shiga wani dandali a Facebook suna neman a hukunta masu laifi, jaridun ƙasar ma suka yi suka da kakkausar murya wadda ba a saba ji ba. Matasa maza da mata suka fito aikin agaji na sa-kai.

Sarki Abdullah ya ba da umarnin biyan Riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan lardin Makka, Yarima Khalid al-Faisal. A cikin umarnin nasa ya nuna cewa irin wannan ruwa yana sauka a ƙasashen da ba su kai Saudiyya arziki ba ba tare da ya yi irin wannan ɓarna ba, wanda ke nufin fadar da kanta ta ƙi yarda a ɗora wa ƙaddara laifin duka.

An tsare jami'an hukumar birni da 'yan kwangila da 'yan kasuwa. Tuhume-tuhumen sun haɗa da cin hanci, da ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, da karɓar kuɗin aikin magudanai da ba a yi yadda aka rubuta ba. Shari'ar ta ɗauki shekaru, an ɗaure wasu, an sallami wasu da suka fi su yawa. A Nuwamban 2017, lokacin da aka kafa kwamitin yaƙi da cin hanci ƙarƙashin Yarima Muhammad bin Salman, an ba da sanarwar sake buɗe fayil ɗin ambaliyar.

Madatsun ruwa

Ba a kai ga gyara ba sai ruwan ya dawo. Ranar 26 ga Janairun 2011 aka yi milimita 111 cikin kimanin sa'o'i uku, madatsar Ummul Khair ta fashe, mutum 10 suka rasu. A wannan karon ruwan ya shiga tsakiyar birni da unguwannin masu hali.

Daga nan ne aka ɗauke aikin daga hannun hukumar birni, aka sa kamfanin mai na Aramco ya jagoranci gudanar da shi. An fara da ayyukan gaggawa 14, sannan aka ba da kwangilolin da suka haura Riyal biliyan 3 don gina madatsu biyar a bakin ƙoramun gabas, da faɗaɗa manyan lambatun arewa da kudu da gabas, da haƙa wani sabo a kusa da filin jirgin sama. Manufar ita ce a tare ruwan duwatsu kafin ya iso gari, a sake shi sannu a hankali zuwa teku. Wannan sashe na aikin ya yi tasiri, domin ba a sake ganin irin ruwan da ya share Ƙuwaiza ba.

Rusau

Batun unguwannin da ba su da tsari ya daɗe a kan teburin mahukunta. A ƙarshen shekarun 2000 an yi yunƙurin sake gina Ruwais da kewayen fadar Khuzam tare da 'yan kasuwa masu zuba jari, amma shirin ya cije saboda saɓani kan diyya da ƙin tashin mazauna.

A watan Oktoban 2021 gwamnati ta ɗauki wata hanyar. Wani kwamiti na lardin Makka ya lissafa unguwanni fiye da 60, aka fara shafa jan fenti a bangaye da kalmar Larabci mai nufin a tashi, aka yanke wuta da ruwa, katafiloli suka shiga. Cikin 'yan watanni aka share Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil da Nuzla Yamaniyya da manyan sassan Kandara da Hindawiyya. An dakata a watan Ramadan na 2022, aka ci gaba bayan Sallah. Wanda ya san kudancin Jidda kafin wannan lokaci, idan ya koma, fili fetal zai tarar a wuraren da da suke cike da kasuwanni da gidajen abinci da makarantun allo.

Hujjar mahukunta ita ce unguwannin sun zama matattarar miyagun ƙwayoyi da masu laifi da waɗanda ba su da iƙama, lungunansu ba sa shigar motar kashe gobara ko ta ɗaukar marasa lafiya, gine-ginen kuma na iya ruftawa. Akwai gaskiya a cikin wannan bayani, kuma wasu mazauna Jidda sun yi maraba da matakin. An tsara diyya ga 'yan ƙasa: mai takardar mallaka a biya shi fili da gini, wanda ba shi da ita a biya shi kuɗin gini kawai. An kuma samar wa dubban iyalan Saudiyya masu ƙaramin ƙarfi gidaje ko kuɗin haya.

Baƙi ba su shiga wannan tsari ba. Ƙungiyar Amnesty International, a wani rahoto da ta fitar a watan Yunin 2022, ta ce rusau ɗin ya shafi fiye da mutum rabin miliyan, kusan rabinsu ba 'yan ƙasa ba ne, kuma wa'adin da aka ba mutane ya kama daga makonni zuwa kwana ɗaya tak a wasu wurare. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai 'yan Yemen da Habasha da Somaliya da Chadi da Nijar da Najeriya. Unguwanni irin su Karantina da Sabil da Hindawiyya sun daɗe suna zama masaukin mutanen Afirka ta Yamma, kuma a nan ne fatake 'yan Kano-Jidda da masu aikatau suka saba samun ɗakin haya da abincin gida. Da aka rushe gidaje masu araha da yawa a lokaci guda, kuɗin haya ya yi tsalle a sauran birnin. Wasu sun koma gefen gari, wasu sun nufi wasu garuruwan, wasu suka miƙa kansu aka mayar da su ƙasashen da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Wa ke yanke shawara

Magajin garin Jidda naɗa shi ake yi daga sama. An yi zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a 2005 da 2011 da 2015, inda a na 2015 mata suka kaɗa ƙuri'a suka kuma tsaya takara a karon farko, amma ikon majalisun bai wuce sa ido da ba da shawara ba. Manyan shawarwari kan ƙasa suna fitowa ne daga fadar gwamnan lardi, ko ma'aikatu a Riyadh, ko kuma, tun bayan ƙaddamar da shirin Vision 2030 a 2016, daga asusun zuba jari na gwamnati da kamfanoninsa.

Wannan asusun ne ke da aikin Jeddah Central da aka sanar a Disamban 2021, na Riyal biliyan 75, wato kimanin Dala biliyan 20, a kan fili mai murabba'in mita miliyan 5.7. Ya ƙunshi filin wasa da gidan tarihi da zauren kaɗe-kaɗe da gidan kallon halittun ruwa da gidaje dubu 17. Da yake sanarwar ta zo ana tsakiyar rusau, mutane da yawa sun haɗa biyun, ko da yake filin aikin yana bakin teku ne, akasarin unguwannin da aka rushe kuma suna kudu da gabas.

Tsohon garin na cikin ganuwa, wanda ake kira Al-Balad, ya tsira. Attajiran da suka gina shi sun bar shi tuntuni sun koma arewa, baƙi masu ƙaramin ƙarfi suka gaje shi da haya, gobara da damshi suka ci gidaje da dama. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma a 2019 aka ware Riyal miliyan 50 don ceto gine-gine 56 da ke gab da faɗuwa.

A fannin sufuri, jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini ya fara haɗa Jidda da Makka da Madina a 2018. Jirgin cikin gari kuwa, wanda aka zana tun tsakiyar shekarun 2010, bai wuce kan takarda ba har lokacin da Riyadh ta buɗe nata a ƙarshen 2024. Dogon benen da ake son ya haura mita 1,000 a arewacin birnin an fara shi a 2013, aikin ya tsaya a 2018, aka koma kansa a farkon 2025.

Ruwan 2022

Ranar Alhamis 24 ga Nuwamban 2022, shekaru 13 cif ba kwana ɗaya bayan ambaliyar farko, an auna milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin Jidda, kusan ninki biyu na ruwan 2009. An riga an rufe makarantu saboda gargaɗin masu hasashen yanayi, madatsun gabas kuma suka riƙe ruwan duwatsu. Mutum biyu ne aka ba da rahoton rasuwarsu.

Ruwan da ya sauka a kan birnin kansa, a kan kwalta da rufin gidaje, shi ne bai sami isassun magudanai ba. Hanyoyin ƙarƙashin gadoji sun cika maƙil, ruwa ya ja motoci ya jibge su a bakin tituna, aka jinkirta tashin jirage a filin Sarki Abdul'aziz, aka kuma sake rufe hanyar Makka na wasu sa'o'i.